Ranar da Na Yi Gadin Barcin Luba

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba ni mantawa da ranar da na rufe bakina tun azahar har la'asar. Ku da kuke aiki da ni kun san ko ina cin tuwo magana nake yi.

Da muka gama sakandare ƙawayena duk suka tafi Sakkwato karatu, aka bar ni a garinmu Isa. Sai na shiga aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti. Aikina bin gidajen masu jego in nuna yadda ake kwantar da jariri. Shugabarmu, Malama Hassi ungozoma, ta ba ni 'yar tsana ta roba mai ido ɗaya don gwaji. Na sa mata suna Hajiya. Ita ce abokiyar hirata a hanya, kuma ba ta taɓa katse ni ba.

Karatun gajere ne. A kwantar da jariri rigingine, ba rub-da-ciki ba. Shimfiɗarsa daban, mai tauri, kusa da uwa. Ba matashi, ba tulin bargo, fuska a buɗe, kuma a nisanta shi da hayaƙi, ko da na turaren wuta ne. Tsofaffi kan ce tumbuɗi zai shaƙe shi, sai in ce lafiyayyen jariri yana haɗiye abinsa ko ya fitar. Na maimaita wannan har awakin unguwa sun haddace.

Wata Talata Malama Hassi ta ce, "Balkisu, akwai wata mai jego, Luba, bayan kasuwa. Daga ƙauyen Sabon Birni suka taso, mijin yana Nijar. Ɗanta na fari cikin barci ya rasu. Ki rage surutu."

Na iske ta ita kaɗai a ɗakin haya. Ba uwa, ba gwaggo, ba mai ɗora mata ruwan wanka. Tana zaune kan katifa mai laushi, jaririn a ƙirjinta, an naɗe shi da zannuwan da za su buɗe shago. Idanunta ja wur. Na fiddo Hajiya na fara karatuna, sai na ga kan Luba yana rinjaya, tana gyangyaɗi tana danne yaron. Ta farka a firgice ta sa kunne a hancinsa.

"Yaya Luba, yaushe rabonki da barci?"

"Tun suna ban yi na kirki ba. Wancan na kwanta da shi lahiya lau, na tashi babu shi. In na rufe ido, wa za ya duba min wanga?"

Duk barkwancina ya gudu. Na ce mata abin da Malama Hassi ke faɗi, cewa irin wannan rashi yakan zo ko uwa ba ta yi sakaci ba, amma akwai abin da ke rage haɗarin. Muka shimfiɗa tabarma gefen katifa, muka ja zane ɗaya ya miƙe sumul. Muka rage wa yaron kaya, muka kwantar da shi rigingine, muka soke bakin gidan sauro. Ya yi miƙa kamar mai gidan haya.

"To ki kwanta," na ce. "Ni za ni zauna. Da ni da Hajiya, ido ukku ke nan."

Ta yi 'yar dariya, ta kwanta hannunta a bakin tabarmar. Kafin in gyara zama barci ya ɗauke ta.

Na zauna ina kallon cikin yaron yana hawa yana sauka. Ba wanda ya leƙo. Sai na tuna ni ma tun tafiyar ƙawayena ba wanda ya leƙo ni.

Da la'asar ta farka, ta dubi ɗanta yana barcinsa, ta dube ni.

"Gobe za ki zo?"

Na koma gobe, na koma jibi. Daga baya Malama Hassi ta haɗa ta da wata tsohuwa maƙwabciya, yaron kuma ya ci gaba da kwana kan tabarmarsa. Yanzu yana rarrafe, ya kusa cire wa Hajiya idon da ya rage.

Ku sababbi, ku haddace karatun. Amma in kun shiga ɗaki, ku fara duba idon uwar. Wadda ba ta da mai karɓar ta ba ta iya ajiye ɗanta, sai wani ya zauna.