Gudumar Baba

Bayan an gama rabon abin da mahaifinmu ya bari, sai 'yan tarkace suka rage. Yayana ya kwashi littattafai, domin shi ne malamin gidanmu. Ni kuwa na ce a ba ni ƙaramar gudumar da ke rataye bayan ƙofa. An yi mini dariya ranar, har Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tambaye ni ko ƙira zan buɗe. Na jefa abata cikin jaka.

Aikin Baba shi ne duba gadoji da kwalbatoci kafin damina ta sauka. Ina yarinya yakan ɗora ni a bayan kekensa ran Asabar, mu gangara ƙarƙashin gada, ya dinga buga siminti yana kasa kunne. Lafiyayyen wuri ƙararsa a tsaye take, tana dawo maka har cikin hannu. Inda ruwa ya shiga, rodi ya yi tsatsa ya rabu da siminti, sai ka ji kamar kana buga ƙwaryar da aka kife. Ya sa ni na buga har kunnena ya saba. A zamaninsu duk shekara ana ware kuɗin faci da fenti. Kafin ya bar aiki abin ya koma rubuta takarda, wannan ofishi ya ce gadar ta wancan ce, wancan ya ce ba ta cikin kasafinsa. Yau kuwa sai zaɓe ya matso ake zuwa da igiyar awo, a ɗauki hoto, a tafi. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Ranar jeren 'yar Yaya, tsakiyar damina, muka tashi daga Ƙofar Dundaye zuwa gidan ango can bayan Gidan Dahala. Ina cikin ƙaramar mota a gaba. Babbar mota na biye da mu, an lafta mata katifa da kujeru da firiji da buhunan shinkafa, ga mata sun ɗare saman kaya suna waƙa. Gudumata na jaka saboda ƙusoshin labule.

Kafin a shiga layin ango akwai wata tsohuwar gada ƙarama a kan babbar magudanar ruwa. Da motarmu ta hau, sai na ji ta ɗan girgiza a ƙarƙashina. Na ce direba ya tsaya. Na tattare leshina na gangara, takalmi na nutsewa cikin laka. Ruwa ya zaizaye ƙasar gindin ginshiƙi ɗaya. Na buga gefen dama, lafiya lau. Na buga tsakiya, sai na ji ƙwaryar nan.

Ban san lokacin da na hayo ba. Na tsaya tsakiyar hanya gaban babbar motar, na ɗaga hannu.

Direban ya leƙo. “Hajiya, kauce mana. Ko jiya tifa ta wuce bisa gadar ga.”

Na ce, “Shi ya sa kai ba ka wucewa yau.”

Gwaggo ta sauko daga gaban motar tana gyara mayafi. “Ke ɗiyar ga, mi ya same ki? Tun da munka tashi ba mu taɓa jin kayan amarya sun koma baya ba. So kike auren ya mutu tun ba a tare ba?”

A danginmu tsofaffi sun riƙe wannan da gaske: in kayan jere suka juya, amarya ma za ta juyo gida. Ni ban yarda da shi ba, amma ba na musu da Gwaggo a bakin titi. Na dai ce matan da ke saman kaya su sauko. Babu wadda ta motsa. Ƙanwata na can sama da jaririnta a goye, kuma ita nake kallo.

Aka kira Yaya a waya. Ya iso cikin babbar riga, ya baro baƙi a zaure. Ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. “Surukai na kallonmu. Kada ki kunyata ni yau.”

Na ji ciwon maganar, domin ban taɓa saɓa masa a gaban mutane ba. Na miƙa masa gudumar. “Yaya, ban ce ka yarda da ni ba. Sauka ka buga da hannunka.”

Ya daɗe yana kallon gudumar, ya gane ta. Sai ya naɗe hannun riga a kafaɗa ya gangara. Na nuna masa dama, ya buga. Na nuna masa tsakiya, ya buga, wani ɓallin siminti ya faɗo cikin ruwa. Rodin da ya bayyana ya kumbura da tsatsa, Yaya ya taɓa shi da yatsa ya marmashe. Sai ya hayo.

Na juya wajen Gwaggo. “Ba baya za su koma ba, Gwaggo. Gaba za su, amma bisa kai.”

Yaya ya cire hularsa ya ba ni riƙo. Ya ce a sauko masa da katifa. Malam guda, wanda ake durƙusa wa a gaida, ya ɗora katifar amarya a ka ya taka gadar a hankali ya haye. Daga nan babu namijin da ya iya tsayawa kallo, har dangin ango suka fito. Buhu ɗaya-ɗaya, kujera ɗaya-ɗaya, mata na biye da kwanuka. Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa, tana hararata. Motar ta tsaya wofi a wannan ƙetaren.

Gadar ba ta faɗi ba. Har yau tana nan, sai dai mutanen unguwa sun gicciya duwatsu don kada manyan motoci su hau. A gidan biki kuwa an samu abin tsokana, ko'ina na shiga sai na ji, “Ga injiniya ta iso.” Ina amsawa da kyau.

Ran Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya yi sallama a gidana. Ya ce dattawan unguwar sun samu wasu ma'aikatan gwamnati sun yarda za su zo su ga gadar da la'asar, yana son aron gudumar don ya buga musu su ji, tunda takardu sun gaza.

Na ce, “Ba ni ba da aronta. Kai ka san bugu, amma ba ka san inda ake bugawa ba. Duk inda za ta, da ni za ta.”

Taron maza ne zalla, mu duka mun sani. Ya shafa gemu, sannan ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Ya ce, “To, ɗauko mayahinki.”