Kambai da Tin Lizards Biyu

Kambai mutumin Kagoro ne, yana gadi a wani sito a garin Laurel na Amurka, kuma ba ya doguwar hira sai an taɓo zancen Jos. A can, yana saurayi, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa a garejin wani makanike. Suka sa mata suna Tin Lizards, don garin kuza ne, ƙadangaru kuma su ne 'yan kallonsu na farko. Faifai ɗaya suka taɓa bugawa, waƙar da ya yi wa yarinyar da ya aura daga baya, "Irene, Open the Door".

Wani mai suna Martins ma ya nemi Irene a lokacin, bai samu ba. Sai ga shi zaman Amurka ya haɗa su coci ɗaya a Beltsville.

Wata Lahadi a 2009, an tashi sujada ana shan shayi, Martins ya zaro wani tsohon faifai da ya tsinta a kasuwar gwanjo, ya kira Kambai.

"Baban Olive, zo ka gai da yayyenka."

Kambai ya karɓa ya duba. Wasu samarin Turawa ne na Ohio, 1966, sunansu Tin Lizards. Waƙar kuwa "Open the Door, Irene".

"Ban taɓa jin su ba," in ji shi.

"Ai kuwa. Su ne suka ji ka, tun kana firamare."

Aka yi dariya. Kafin wata ya ƙare, har mata a kicin ɗin coci suna ce masa Kwafi.

Ya ce Martins ya ba shi aron faifan a saurara, Martins ya hana. Kambai ya yi ta bin shagunan tsofaffin faifai daga Baltimore har Virginia, bai huta ba sai da ya samo wani. Ya ɗauko na'urarsa ya kafa a zauren coci, ya sa na Turawan, ihu da ganga kamar ana korarsu. Ya sa nasa, jita a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Ko kusa ba su yi kama ba, kowa ya yarda.

Martins ya kurɓi shayinsa. "Ni suna na ce. Wa ya yi maganar kiɗa?"

Tun daga ranar Kambai bai sake gaishe shi ba. Ya koma zama ɗaya gefen, in Martins ne ke ba da waƙa sai ya rufe bakinsa. Fasto ya sa baki, ya gaji ya bari.

Da Martins ya yi ritaya zai koma Jos a 2016, aka shirya masa liyafa. Irene ta dafa gwate ta ce a kai ta. Kambai ya kai ta har bakin ƙofa, ya sauke mata tukunya, ya koma mota ya zauna har aka watse.