Ƙwaron da Ya Hana Mahaifiyata Cin Abinci

Shekarun baya, lokacin kullen korona, mu uku ne a wannan magana: ni, da abokina da muke ɗaki ɗaya a unguwar Lembah Pantai, can ƙasar waje inda nake karatu, da mahaifiyata a Katsina, wadda ke fama da hawan jini. Ina haɗa manhajar kammala digirina na biyu a fannin kwamfuta, ta ƙi tashi.

A al'adata ba na gauraya Hausa da Turanci. Masu wannan sana'a suna kiran kuskuren cikin manhaja "bug", ma'anarsa ƙwaro. Don haka da mahaifiyata ta tambaye ni abin da ya sa muryata ta dushe, sai na ce, "Ƙwaro ne ya shigar mini, Inna. Ya hana ni sukuni, na kasa gano inda ya ɓuya."

Ta ce Allah ya sawwaƙe.

Ashe ta ɗauka cutar ce ta kama ni nake sakaya mata. Ta daina cin abinci, ta shiga yanka dabbobinta tana sadaka, har jininta ya hau. Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka.

Abokina ya ajiye shinkafar da ya yo mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe, ya ce, har da "lah" ɗin da mutanen can ke rufe magana da shi, "Malam Bahaushe, ka ga aikinka ko? Ka ce bug kawai, lah! Kira ta bidiyo yanzu."

Na kira, na tsaya ta ƙare mini kallo. Sannan na bayyana mata cewa injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar inji da wannan suna, kuma a zamanin da kwamfuta take cika ɗaki, an taɓa ciro wani ƙwaro, faɗa-wuta, da ya maƙale a cikinta, sunan ya ƙara bin bakin mutane.

Ta ce, "Ɗan nan, su sun ciro nasu. Kai naka fa?"

"Nawa ba ya ganuwa, Inna."

"To fesa masa fiya-fiya mana." Ta yi dariya, ta ce a zubo mata tuwo.

Ƙwaron nawa waƙafi ne ɗaya da na sa a inda bai dace ba. Na gyara, na kammala, Inna ta warware. Har yau ina ƙaunar tsantsar Hausa, sai dai yanzu nakan duba wanda ke saurarona kafin in fassara.

Abin da aka rasa: tunkiya ɗaya, zakaru uku.