Halliru da Ruwan Jabel na Mayanka

Halliru ɗan mahauta ne, jikan mahauta, amma wuƙa ba ta karɓe shi ba. Ya ɗan taɓa koleji a Garuwa, karatun ya tsaya, ya dawo mayanka yana kula da tsabtar wurin.

Shekarar da kwalara ta shigo gari, wata ma'aikaciyar lafiya, Madam Honorine, ta kawo wa mayanka jarkokin jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta. Ta zana jadawali a bango: na wanke daɓe, kofi ɗaya na jabel, tara na ruwa, in biyu ne, sha takwas, haka har ƙasa. Na wanke hannu kuwa, a ɗebi kofi ɗaya daga wancan haɗin a ƙara masa tara na ruwa. Ta danƙa wa Halliru aikin ta tafi.

Washegari kawunsa Ɗanmalam, babban mahauci, ya sunsuna duron wanke hannu ya yamutsa fuska.

"Wannan ai ruwan kogin Binuwai ne. Magani ba wari?"

"Kawu, haka aka auna shi."

Halliru na juya baya, tsohon ya tuttula rabin jarkar jabel a ciki. Kafin azahar hannun kowa ya yi ja yana raɗaɗi, laifin kuma aka ɗora wa Halliru.

Daga nan sai suka koma ɗaya gefen. Duro na yin ƙasa, wani zai cika shi da ruwan famfo, wai ai maganin yana ciki.

"Kawu, don Allah, in aka ƙara wa miya ruwa, gishirin zai ji yadda yake?"

"To ni miya nake wanke hannu da ita?"

Halliru ya ciji leɓe, ya zubar, ya sake haɗawa.

Da jabel ɗin Madam ya ƙare, aka sayo na kasuwa. Halliru ya duba jikin kwalbar, ya ga ƙarfinsa rabin na farko ne. Ya goge jadawalin ya rubuta sabo: biyu na jabel, takwas na ruwa. Mayanka ta ɗauki sowa.

"Ka gani ko!" in ji Ɗanmalam. "Da na ƙara ka yi ta kumbura. Yau ga shi ka dawo kan maganata."

Halliru ya dubi fuskokinsu. Ya je ya sayo kwaɗo ya garƙame murfin duron, ya rataya makullin a wuya. Suka laƙaba masa Kumandan Jabel.

Annobar ta wuce ba ta ɗauki kowa a mayanka ba. Ɗanmalam ya ce albarkar sadakar da ya yi ce. Damina na faɗuwa Halliru ya bar wurin, ya kama aikin haɗa maganin feshi a gonakin auduga ta wajen Tcholliré. Ranarsa ta farko, wani manomi ya leƙa tankin maganin ya tambaye shi ko ba za a ɗan ƙara ba.