Ashe Kakana Kaftin Ne

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu a jami'a a Alƙahira, wani abokina ya gayyace ni cin abincin rana bayan sallar Juma'a. Bahaushen Sudan ne, yana da ɗan shagon turare a unguwar Hayyin Ashir. Ya ce kawunsa ya zo daga garin Madani na Sudan an yi masa aikin ido, mutanen gida sun tuƙa asida, wato tuwon Sudan. Ni kuwa a lokacin ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, sun gama fita daga raina, don haka kafin ya rufe baki na ce tamam, zan zo. Na hau mikrobas, 'yar bas ɗin haya, daga unguwarmu Hayyis Sabi', ba abin da ke gabana sai miya. Zancen duba marar lafiya, tsakanina da Allah, shi ne na biyu.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya faru. A hannun kakana na wajen uwa na tashi, a Azare. Dogo ne, baƙi, marar magana, yana sayar da yadi a kasuwa. Abin da muka sani game da ƙuruciyarsa shi ne iyayensa sun tafi aikin hajji a ƙasa yana goye, suka yada zango a Sudan, shi kuma bai dawo gida ba sai da ya haura talatin. Ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, a kan kujera yake sallah. An ce mana daga mota ya faɗo.

Ba abin da ya tsana a duniya irin ƙwallo. In rediyo ta shiga labarin wasanni, kashe ta yake. Akwai ranar da ya tarar da ƙwallona a zaure, ya sa reza ya raba ta biyu, ya miƙo min. Mu dai muka yanke cewa tsabar ustazanci ne. Ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Ni kuma na zama irin mutanen nan da ba su iya buga ƙwallo ba amma sun fi kowane koci sanin yadda za a ci wasa.

To, na isa gidan abokina. Kawun nasa dattijo ne mai jiki, yana zaune a kan tabarma, idonsa ɗaya a rufe da bandeji. Muka gaisa, na yi masa ya jiki, aka kawo tire. Hausarsa tsaf, sai dai rabinta Larabci ne.

Ya ce, "Ɗan ina ne kai, ya waladi?"

Na ce, "Azare, Baba. Amma kakana ma a Madani ya girma."

Ya tambayi sunansa. Na faɗa, har da laƙabin da kakata ke kiransa da shi. Dattijon ya riga ya ɗauko loma, sai ya mayar da ita cikin kwano.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Dogo? Mai wushirya? Gwiwarsa ta hagu a sandare?"

"Shi ne, Baba. Daga mota ya faɗo."

Ya ce, "Wace mota? A garin nan da muke zaune aka karya gwiwar nan, a filin ƙwallo. Muna kewaye da rediyo a ƙofar gidanmu aka ce an fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya zol, bawan Allah, kai jikan Kaftin ne!"

Dariya na yi. Na ce masa cikin ladabi ina jin suna ne ya zo ɗaya, don kakana ko ƙwallon tsumma ba ya bari a buga a layinmu. Bai ko saurare ni ba. Ya ce kakana mai tsaron baya ne, yana cikin 'yan farko da suka sa rigar ƙasar Sudan, zamanin da ƙasashen Afirka suka fara karawa da juna. A jirgin ƙasa da jirgin ruwa suke zuwa Masar wasa. Da gwiwa ta hana shi, sai aka ba shi horar da kulob ɗin unguwarsu, kulob ɗin da kowa ke zura wa ƙwallo yadda ya ga dama. Da tsinke yake zana musu wasa a ƙasa. Wanda ya sha taba ya kore shi, wanda ya makara ya zagaya fili har sai ya ga jiri. Cikin 'yan shekaru manyan kulob na babban birni suka fara tsoron zuwa garin.

Da ya ga har yanzu ban yarda ba, sai ya ce wa abokina ya kira masa 'yarsa da ke Madani, ta ɗauko hoton da ke bangon falo ta turo. Muka zauna jira, asida na hucewa.

Hoton ya shigo. Baƙi da fari ne, samari a jere, wasu a tsugune. A gefe ga wani dogo da usur a wuya, sanye da gajeren wando, yana dariya har wushiryarsa ta fito. Shekara goma sha bakwai na yi a gidan mutumin nan, ban taɓa ganin ƙwaurinsa ba sai ranar. Innalillahi kawai nake maimaitawa, kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Dattijon ya ce, "Ka ga wanda ya dafa wa kafaɗa? Yayana ne. Shi ke ci mana ƙwallo."

Da na san abin da zai biyo baya, da na yi shiru. Amma sai na ce, "To Baba, me ya raba shi da ƙwallo?"

Abokina ya ɗan taɓa ni da gwiwa. Ban gane ba.

Dattijon ya ce wasan ƙarshe ne na shekara, wanda ya ci shi ya ɗauki kofi. Yayansa ya kwana uku da zazzaɓi, amma Kaftin ya sa shi a wasa, rana kuwa kamar za ta narka ƙarfe. Bayan an dawo hutun rabin lokaci, ba wanda ya taɓa shi, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Gari ya ɗauka Kaftin ya kashe yaron mutane saboda kofi. Kwana bakwai kakana yana zuwa ya zauna a ƙofar gidan su marigayin, ba mai amsa masa sallama. A rana ta takwas aka neme shi aka rasa.

Ku dubi halin da nake ciki. Ina zaune a tsakiyar dangin marigayin, hannuna dumu-dumu da miyarsu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara haɗa kalmomi, "Baba, don Allah ku yi haƙuri, ku yafe ma..."

Ya ɗaga hannu. "Halas, ya isa. Ba kai za ka ba ni haƙuri ba. Zauna ka ji."

Ya ce da safiyar ranar wasan, yana ɗan shekara goma sha shida, ya ga yayansa ya yi amai da jini a bayan gida. Yayan ya kama hannunsa ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Da suka isa fili, Kaftin ya ja shi gefe ya ce, "Ɗakinku ɗaya. Faɗa min gaskiya, yaya jikin yayanka?" Shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau, har ful ya ci da safe.

"Ni na kashe shi. Kaftin ya tambaya, na yi masa ƙarya. Kwana bakwai ina leƙensa ta kafar ƙofa, ina jiran ya buɗe baki ya ce shi fa ya tambayi ƙanin yaron. Bai faɗa ba. Ya ɗauki zagin gari duka ya tafi da shi. Mahaifiyarmu ta yafe masa kafin ta rasu, ta ce a nemo shi a faɗa masa. Duk alhajin Najeriya da na gani sai na tambaye shi. Amma nawa laifin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau."

Na dubi abokina. Bakinsa a buɗe yake. Shi ma ranar ya fara ji.

Dattijon ya ce, "Yana raye?"

Na ce ya rasu. Sai ya tambaya ko matarsa na nan.

A nan take na kira mahaifiyata. Da na ce mata babanta ya buga wa ƙasar Sudan ƙwallo, cewa ta yi, "Kai, lafiyarka kuwa? Ko karatun ne ya taɓa ka?" Na ce ta dai kai wa Hajiya wayar. Kakata ta karɓa da tsokanar da ta saba, wai maigida ya tuna da ita. Da na fara bayani, tsokanar ta ɗauke.

Ta ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a gaban dattijon. Suka gaisa gaisuwar manya, doguwa. Ya isar da saƙon mahaifiyarsa, sannan ya maimaita mata abin da ya faɗa mana, yana roƙon ta yafe masa a madadin mijinta.

Kakata ta ce, "Alhaji, ashe kai ne yaron. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin nan, a ciwonsa na ƙarshe. Ya ce tun kafin ya kira ka, ya riga ya dafa goshin yayanka, ya ji shi zafi rau, ya janye hannunsa. Ya ce da ka ba shi amsa ka kasa kallon idonsa, ya kuma san ƙarya kake. Amma yana son kofin. Ya ce tambayar ma ya yi ta ne don ya samu inda zai fake. Kullum in ya yi wa marigayin addu'a sai ya haɗa da kai, yana cewa ya ɗora wa yaro kayan da ba nasa ba. Babu abin da zan yafe maka. Kai dai ka yafe masa."

Dattijon ya fashe da kuka, irin kukan da kafaɗu ke rawa. Abokina ya rikice, yana ta cewa, "Kawu, idon! Likita ya ce kada ruwa ya taɓa shi!" Shi kuwa yana ture hannunsa, yana faɗin, "Na yafe, Hajiya, wallahi na yafe."

Ban hau mota ba ranar. Da ƙafa na koma masaukina, ban ma san na iso ba.

Na yi makonni ina jin haushin kakana, daga baya haushin ya koma tausayi, yanzu kuma duk biyun suna nan, kowanne da wurin zamansa. Mutum ne da ya yi kuskure babba da idonsa a buɗe, kuma ga mafaka a gabansa ya ƙi shiga. Har yau ban san wanne zan fara faɗa ba in 'ya'yana suka tambaye ni shi.

Abin da dai ya zauna min shi ne maganar tambayar nan. Akwai tambayar da babba ke yi wa na ƙasa da shi ba don yana neman sani ba, sai don nauyin ya bar kansa. Yanzu ina shugabantar wata 'yar makaranta a gida. Duk ranar da malami ya shigo ofishina idonsa jajir yana rawar ɗari, ga jarrabawa ta matso, ina jin bakina na shirin cewa, "Za ka iya shiga aji?" Sai in haɗiye. Na san amsar da zai ba ni, na kuma san dalilin da ya sa nake son jin ta. Cewa nake ya tafi gida ya kwanta, in ɗauki alli in shiga ajin da kaina.