Ɗamarar jikan Fuatino

Fuatino maƙwabciyata ce tun muna amare. Ba ta taɓa aikin albashi ba. Abin da ta iya shi ne saƙar tabarma, da tsintar kifi in teku ya janye, da faɗa. Ciwon suga ya ci ƙafar mijinta, daga baya ya tafi da shi gaba ɗaya. 'Ya'yanta duk suna can ƙasar Niyuzilan, sai jika ɗaya da aka bar mata, Talalelei, ɗan shekara huɗu mai kumatu kamar an hura.

Uwarsa Siniva ta ga hotonsa a waya, hankalinta ya tashi. Ta ce in dai zama yake yi yana cin naman gwangwani, to ƙarshen shekara za ta zo ta ɗauke shi, ba za ta bari ya bi sawun kakansa ba.

"Yaron da ko kaji ba ya bari su huta?" in ji Fuatino. Amma maganar ta tsaya mata a rai. In aka ɗauke shi, ita kaɗai za ta rage a gidan.

Ana haka sai ma'aikatan lafiya suka zo daga Apia, babban birninmu, suka tara mu a zauren mata. Suna auna yadda ƙananan yara ke motsa jiki. Kowane yaro aka ɗaura masa ɗamara mai 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda za ta riƙe gudunsa da zamansa na mako guda. Nas ɗin, wata yarinya mai suna Leitu, ta nanata cewa kar a cire sai wajen wanka. Fuatino tana ta gyaɗa kai. Ita dai ta samu shaidar da za ta rufe bakin Siniva.

To mu nan, abin da baƙo ya miƙo maka da hannu biyu ba a barinsa ya sha ƙasa. Suna isa gida ta kwance ɗamarar, ta naɗe ta a ƙyalle, ta sa a akwatin da take ajiye lallausan tabarmin da ake fitarwa ranar biki ko mutuwa. Ranar Lahadi ta sa wa yaro fararen kayansa, ta ɗaura masa ita a kan riga don duk coci su gani. Lahadi kuwa yaro ba ya gudu a ƙauyenmu. Daga coci sai ci, sai barci, sai kuma coci.

Da Leitu ta dawo, ta haɗa na'urar da kwamfuta, ta daɗe tana kallo.

"Iya, jikan nan naki yana numfashi kuwa?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Duk mako ko juyi bai yi ba. Ranar Lahadi ce ya ɗan motsa, shi ma kamar tsoho mai ciwon baya."

"Ke 'yar nan, so kike in bar kayan mutane su shiga laka? Duba, ko ƙura babu."

Na ce, "Ƙawata, ashe akwatinki aka auna. An kuwa gano ba ya motsa jiki."

Mata suka kwashe da dariya. Fuatino kuwa irin wannan ba ya ba ta kunya. Ta miƙa hannu ta ce a ƙara mata mako guda.

Wannan karon ɗamarar ta dawo tana ƙarnin kifi. Leitu ta ce da safe yaron gudu yake yi sosai, ba a kai shi ba. Amma daga tsakar rana har a buga ƙararrawar addu'ar yamma, a wuri ɗaya yake.

"Me yake yi a lokacin, Iya?"

Fuatino ta sani. Lokacin saƙarta ne, lokacin da gida ke yin tsit. Takan zaunar da shi kusa da ita, ta ba shi waya da biskit, don ta ji motsin mutum.

"Tura wa uwarsa duka," ta ce. "Har da na yamman. Ki ce mata na gani."

Washegari da rana na jiyo ta ta cikin ayaba.

"Tashi, maigida. Namiji ba ya zama gindin tsohuwa. Bi yara ku kwaso kwakwa."

"Kaka, wayar fa?"

"Tana akwati."

Siniva ta zo da Kirsimeti, da niyyar komawa da shi. Sai da ta bi shi da gudu a bakin teku kafin ta samu ta rungume shi, ta dawo tana haki, takalmi a hannu. Ta koma ita kaɗai.

Kumatun dai suna nan, na gidansu ne. Fuatino kuwa yanzu ita kaɗai take saƙa da yamma. Wani lokaci nakan ɗauki tabarmata in je in zauna da ita. Ta ce surutuna ya fi na yaron, kuma ni ba ta da inda za ta aike ni.