Tsagar Fuskata da Sawun Takalminsu

Assalamu alaikum. Masu tambayar inda na shiga tun bayan girbi, ga amsa: asibiti na kwanta, aka yi ta yi mini wankin ƙoda. Yau zan faɗi dalili, ko da 'yan gidanmu ba su so.

Ranar kasuwa ce. Na ɗauko buhun gyaɗa a babur zan kai Gezawa, 'yan sanda suka tsayar da ni a shingen hanya. Ba su kalli buhun ba, ba su nemi takardun babur ba. Fuskata suka kalla.

Ina da tsagar Barebari. Kakana ne ya zo daga Borno, ni kuwa a nan aka binne cibiyata.

"Kai ɗan ina ne?" in ji ɗayansu.

"Ɗan nan ne."

"Da wannan fuskar? Sauko, ɗan Boko Haram!"

Na ce su duba katina na ɗan ƙasa. Iyakar abin da na faɗa ke nan kafin gindin bindiga ya kai ni ƙasa, takalma suka biyo baya. Sai da mai unguwarmu ya zo ya ce ya san ubana suka sake ni.

Na yi shekaru ina fassara labaran duniya a gidan rediyo. Na sha karanta yadda ake tare baƙar fata a ƙasashen Turawa saboda launin jikinsa. Na ɗauka labarin nesa ne.

A gida aka yi abin da aka saba. Inna ta dafa ruwa ta gasa mini jiki da tsumma. Yayana Modu ya sayo maganin kashe ciwo a kemis, na riƙa sha ba lissafi. Aka ce tsamin jiki ne, zai wuce.

Sai fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Ya ragu. Ya tsaya. Ƙafafuna suka kumbura, ga amai, ga shaƙuwa.

A hanyar asibiti Yaya Modu ya ce, "Za mu ce daga babur ka faɗo, ka ji ko? In ka ambaci ɗan sanda, gidanmu za su dawo."

Inna ta ce, "A bar wa Allah, Bukar."

Labarin babur ɗin kuwa Yaya Modu ya faɗa wa likitoci. Aka yi hoton ƙashi, ba karaya. Har an fara maganar sallama da ƙarin maganin ciwo, sai wata likita ta ɗaga rigata ta dubi bayana.

"Malam, babur ba ya sa takalmi. Me ya same ka?"

Yaya Modu ya taka mini ƙafa.

Na ce, "Duka ne. 'Yan sanda."

Nan take ta hana maganin, ta sa aka ɗebi jini. Ta ce naman jikin da aka daddaka yana sakin guba a jini, gubar ta toshe ƙoda, ƙwayoyin kemis kuma suka ƙara. "Da kun koma gida da labarin babur, da sai dai mu ji ta'aziyya."

Aka sa mini roba a wuya. Na kwanta ina kallon jinina yana zagaya cikin na'ura, ina rawar sanyi. Ruwan sha ma sai an auna. Muka jinginar da gonar fadama. Tsorona ɗaya: kada ƙodar ta ƙi farkawa.

Ranar da fitsari ya dawo, Yaya Modu ya ɗaga robar fitsarin sama yana nuna wa duk ɗakin, kamar an yi masa haihuwa. Inna ta rangaɗa guɗa har nas ta zo ta tsawatar.

Alhamdu lillahi, ƙodar ta tashi. Na gode wa likitar, na gode wa maƙwabtan da suka kwashe mana amfanin gona ba a roƙe su ba.

Wanda aka doka, ya lura da fitsarinsa. In ya yi duhu ko ya ragu, asibiti, kada a tsaya gashi. Kada a sha maganin ciwo da ka. Kuma a faɗa wa likita gaskiya, a sa ya rubuta ta. Tawa an rubuta "duka", tana hannun lauya.

Da aka sallame ni, Yaya Modu ya miƙo mini takunkumi. "Rufe tsagar, kowa zai ɗauka mura kake."

Na mayar masa da abinsa. Kasuwar da ta wuce na bi ta shingen nan, fuskata a buɗe, na yi musu sallama.